Da Hannunta Ta Rubuta Misalan, Yau Ta Ce Sun Tsufa

Anti, ki taimake ni kafin in yi abin da zan daɗe ina cizon yatsa a kansa. Ni malamar Turanci ce, shekara ashirin da shida ina shaƙar ƙurar alli, ban taɓa kai kukana jarida ba sai yau.

Ina da ƙawa tun muna kwalejin horon malamai. Allura da Zare ake ce mana, ni ce Allurar, saboda bakina. A kan gado ɗaya muka tsara darussanmu na farko, cikin wani littafi mai shuɗin bango. Wanda ya fi ba mu wuya shi ne darasin aikatau ɗin nan da ke bin ƙaramar kalmar Turanci "to", wanda yara ke tuntuɓe a kansa har gobe. Misalan littafin karatu duk lami ne, sai muka ƙirƙiro namu. Ni na tsara bayani, ita ta rubuta jimlolin, don rubutunta kamar na inji yake. Ga ma'anarsu: ina so in ga teku, ta ƙi ta yi shiru (wannan ni take tsokana), mun yi alkawarin mu tsufa a makaranta ɗaya. Har yau da su nake koyarwa, kuma yarana suna cin jarrabawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauke ta aikin duba makarantu. Ni ma na nema ban samu ba, amma ba wannan ne zancen ba. Ban je yi mata murna ba don ƙafata na ciwo a lokacin. Ta kira sau biyu ko uku, ina aji. Shi ke nan, zumunci ya bushe a tsaye.

Ranar Talata ina tsakiyar wannan darasin, na rubuta jimlar teku a allo, sai ƙofa ta buɗe. Ita ce, da tabarau, tare da shugabanta, wani mai furfura riƙe da fom. Ta kira ni Malama, ta ce in ci gaba. Malama! Matar da muka yi shekara uku muna karɓa-karɓar takalmi ɗaya! Ta zauna a bencin baya. Da aka tashi ta nemi shirin darasi, na miƙa mata shuɗin littafin da gangan. Ta buɗe, ta daɗe a shafin, ta rufe, ta yi min godiya irin ta ma'aikacin banki.

Rahoto ya zo jiya. Wai malama ta iya aji, amma misalanta sun tsufa, a tura ta kwas. Kwas tare da 'yan matan da ni na koya musu riƙe alli! Shugaban makarantarmu ya ce ina da mako guda in rubuta ƙorafi. Na rubuta shafi huɗu, har da bayanin wanda ya rubuta tsoffin misalan, kuma wallahi babu kuskuren waƙafi ko ɗaya.

Sai ga saƙonta da safen nan, wai tana so ta zo gida ranar Asabar ta ga littafin da kyau. Na karanta ya fi sau ashirin. Anti, ina so in kunyata ta a gaban shugabanta. Kuma na tsinci kaina ina wanke kofunan baƙi. In aika takardar, ko in buɗe mata ƙofa?

Allurar da ta rasa zarenta

Malama Allura,

Rahoton ya yi zafi, kuma da ta kira ki gefe kafin ta rubuta, da ta kyauta. Wannan kina binta. Amma ki duba: da shugabanta a gefenta, in ta rungume ki, ko yabon da ta yi miki na iya aji ba wanda zai yarda da shi. Sai a ce son kai ne.

Ni kuma zan taɓa miki inda ke ciwo. Ƙafar da ta hana ki zuwa murna, shekara goma sha ɗaya ba ta warke ba? Ita ta kira, ke ce ba ki ɗauka ba. Kuma mace mai kaifi irin naki ba za ta rasa sabbin jimloli uku ba. Kin riƙe waɗannan ne don a cikinsu kaɗai ƙawarki ta rage miki. Wannan ba laifi ba ne, sai dai yaran ajinki suna da nasu burin, ki bar su su kawo nasu misalan.

In kina ganin kwas ɗin bai dace da ke ba, ki rubuta shafi ɗaya, ki haɗa da sakamakon ɗalibanki. Haƙƙinki ne. Amma ki cire zancen rubutun hannunta. Littafin nan ba shaidar kotu ba ne, in ya shiga fayil ɗin ofis ba zai dawo miki yadda yake ba, ita ma haka.

Ki amsa mata yau, kalma ɗaya ta isa. Ranar Asabar ki fara da ba ta haƙurin murnar da ba ki je ba, sannan ki zazzage mata duk abin da ke ranki. Ta san ba kya yin shiru, ita ta rubuta. Makaranta ɗaya kam ta wuce ku, amma teku yana nan inda yake, kuma ba ki ce min ɗayarku ta gan shi ba.

Kofunan sun riga sun wanku. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya kai mu Asabar lafiya.

Anti