Tsarin Auta na Cinikin Canji

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki da zaman baƙunta? Mu nan ƙalau, sai kewarka.

Auta ya zo mini da wata sabuwa. Ka san ƙanen nan nawa, ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu cinikin canji ya shiga ta waya: ya sayi kuɗin wata ƙasa, farashi na ɗan motsawa ya sayar, duk cikin 'yan mintuna. Ya ce tunda a banki nake aiki, in duba masa tsarinsa. Na zauna na duba. Layuka biyu na zanen farashi kawai yake kallo, suna haɗuwa sai ya afka. In kasuwa ta juya masa baya kuma ƙara zubawa yake, wai ai za ta dawo. Na ce masa wannan caca ce aka sa wa kwat. Ya yi ta dariya.

Na so in ce ya bari, amma na san ba zai ji ba, don haka na gyara masa. Na ce ya sa iyakar asara, yadda cinikin zai rufe kansa in abu ya ɓaci. Ya riƙa shiga da ɗan kaɗan. Ya fara gwadawa da kuɗin wasa. Sannan kada ya taɓa wayar a wurin aiki.

Ka kula mini da kanka.

Matarka.

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ciwon bayan? Na ji daɗin saƙonka.

Gyaran ya karɓi Auta. Asarar ta ragu, har yana ɗan tsira da riba. Yanzu “Malama” yake kirana. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya ɗan kumbura.

Sai dai jiya na biya ta maɗaba'ar da yake aiki. Na same shi a kan injin yankan takarda, mai wuƙar nan da ta kai tsawon tebur, ya jingina wayar a gefe. Hannu na tura takarda, ido na kan farashi. Na yi masa faɗa a gaban mutane. Ya ce Yaya, kasuwar nan da rana take motsi, kafin ya tashi aiki ta yi sanyi. Abin haushin, gaskiyarsa ce. Na ce to ya koma cinikin da ake dubawa sau ɗaya a yini. Ya ce wannan na masu jari ne, shi da me zai jira?

Raina bai kwanta ba. Ka kira shi, yana jin nauyinka.

Taka har kullum.

*

Maigida,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yin sa.

Daga asibiti nake. Injin ya cire wa Auta yatsu huɗu na hannun dama. Abokin aikinsa ya ce wayar ce ta yi ƙara, ya waiga, bai janye hannun ba. Likita ya ce ba za su ɗinku ba. Mai maɗaba'ar ya zo, ya jajanta, bai ce komai game da aiki ba. Umma tana zaune bakin gado, ko kallona ba ta yi. Ta ce da ban gyara masa ba, da tuni ya karye ya haƙura da yatsunsa cikakku.

Da Auta ya farfaɗo na zaci kuka zai yi. Ya daɗe yana kallon bandejin. Can sai ya ce tsarin lafiyarsa lau, shi ne ya yi ganganci, kuma yanzu da babu zuwa aiki zai samu lokacin kasuwa sosai. Ya roƙe ni in ɗora masa wayar a hannun hagu. Na ƙi. Ina fita sayo magani, na dawo na tarar mai jinyar gadon kusa ya miƙa masa ita.

Ka nemi izini ka dawo, don Allah. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Matarka.