Baitin da Aka Maimaita a Kunci

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Malama Ramlat ta zo da kanta. Ita ke koya wa matan Islamiyyarmu ƙasidun yabon Manzon Allah, ita ke yawo da su gari gari duk watan Maulidi. Bana za a fara da garinmu, sai Kunci da ƙauyukan kusa, a rufe a Tsanyawa. Ta tambaya ko 'yata Tahira za ta dawo.

Na ce, Malama, yarinyar da ba ta jin kiran salla? Sanƙarau na bazara ya tafi da kunnen dama, na hagu saura kaɗan. Bara ita ke jan baiti, mata na yi mata amshi. Malama ta ce a bar ta cikin 'yan amshi, ai ƙasidun suna kanta.

Ban faɗa mata Tahira ta fara daina magana ba. Wuni guda daga "to" sai "a'a". Likita a Kano ya ce in ta ajiye muryar, maganar ma za ta lalace. Abin da ke hana ni cin tuwo ke nan.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na rubuta wa Tahira a takarda: ZA KI BITA? Ita ta riƙe mini hannu lokacin da na shiga ajin manya, tana dariyar yadda nake damƙe biro kamar muciya. Yanzu rubutun nan ne kaɗai hanyata zuwa gare ta. Ta ɗauki hijabi ta fita.

Talata, 10 ga Satumba

Na laɓe bayan zana ina sauraron bita. Muryar tana nan, sai dai ta fi ta kowa ƙarfi, kuma tana riga su shiga. Maƙwabciyata Hure ta ce, "Wannan ai ba amshi take ba, tsere take." Aka yi dariya. Tahira ta ga bakuna a buɗe, ita ma ta yi dariya.

Gara a ce kuka ta yi.

Litinin, 16 ga Satumba

Maulidin garinmu ya wuce lafiya. Idon Tahira na kan bakin Malama har aka tashi. Babanta ya ce in bar yarinya ta huta, ba farilla ba ce. Shi yana gona wajen girbin gero, bai san shirun cikin gida ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Kunci.

Rumfa cike da mata bayan la'asar. Kowa ya san yadda ake yi: in shauƙi ya kama wata dattijuwa ta miƙe ta ɗaga hannu, dole mai jan baiti ta maimaita, 'yan amshi su jira. Ita kuwa Tahira tun tana ƙarama, in aka zo baitin Madina sai ta rufe ido. Na san wannan. Ban tuna ba sai da na ga ta rufe.

Wata tsohuwa ta miƙe. Sa'ida, wadda ke jan baiti bana, ta koma farko. Tahira tana auna baitin a zuci, lokaci na yi ta shiga amshi ita kaɗai, iya ƙarfinta, ta danne Sa'ida da lasifikarta. Sai da ta kai ƙarshe ta buɗe ido.

Wata a bayana ta ce, "'Yar waye wannan? Ba ta da kunne ne?" Wata ta ce, "Ai kuwa ba ta da shi." Ina zaune tsakaninsu ban ce tawa ce ba.

A mota ta kafa goshi a gilashi har gida.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ko "to" ɗin babu.

Talata, 24 ga Satumba

Sun tafi ƙauyuka ba ita. Kullum da safe nakan tsaya bayanta in kira sunanta, ko Allah zai sa ta waiwayo. Tun bazara nake yi. Yau babanta ya tarar da ni. Ya ce, "Ki daina jarraba yarinyar nan." To in na daina, me ya rage mini?

Alhamis, 26 ga Satumba

Malama ta sake zuwa. Wasu sun ce kada a je Tsanyawa da Tahira, a bar su da kunyar Kunci. Ita ta ce a samu mai tsayawa kusa da ita, ta riƙe hannunta a ƙarƙashin hijabi, in amshi ya zo ta matsa. Ba wadda ta yarda. Ta ce, "Ke fa, Maman Tahira?"

Na ce, ni ɗin da Hure ke cewa muryata ta isa korar tsuntsaye daga gero? Larabcin ma ban iya ba. Ta ce, "Wa ya ce ki rera? Kunnenki muke so."

Na rubuta wa Tahira. Ta karanta, ta kife takardar.

Asabar, 28 ga Satumba

Ta bi ni bita, ba don ta so ba. Na riƙe hannun, sanyi ƙalau. Tsoro ya sa nake jira in ji sun shiga kafin in matsa. Ana cikin yi ta fizge hannunta ta ce da ƙarfi, "Inna, kin makara!" Ashe tana ganewa daga rangajin kafaɗu.

Maganarta ta farko tun Kunci, kuma faɗa ce. Na zaga bayan rumbu na yi kukana.

Laraba, 2 ga Oktoba

Tsanyawa. Baitin Madina ya zo, ta rufe ido. Na yi ta addu'ar kada kowa ta miƙe. Sai ga wata Hajiya tsaye da hannu a sama. Na ji Tahira ta ja numfashi. Na ja hannunta ƙasa na riƙe. Ta riƙe numfashin. Sa'ida ta maimaita, ta sauke, na matsa.

Ta shiga tare da kowa. Ba daɗin bara, muryar ta ɗan haura ta sauran. Amma ba wadda ta waiwayo.

Malama ta ce jan baiti na Sa'ida ne daga yanzu. Da ma na sani. Kunnen bai dawo ba, kuma ba wanda ya ce zai dawo.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Da safe tana sheƙar gero, ta ba ni baya. Na buɗe baki zan kira sunanta, sai na ga na zagaya gabanta na taɓa tiren. Gajiya ce ina jin.

Ta ce, "Inna, jiya ke ma kin yi amshin. Na ji a kafaɗarki." Na girgiza kai. Ta ce, "Kin yi. Kuma kin makara."

Asabar akwai bita. Ba wani abu ba ne, hannu kawai zan riƙe.