Giram Goma Sha Biyar a Sa'a

Litinin, 8 ga Yuli

Yau na kunna sabon injin ɗiga kulor a forajin unguwarmu, wato rijiyar burtsatse. Ruwan da muke turawa shato, babban tankin da ke sama, yana buƙatar giram 360 na garin kulor a yini don kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa injin giram a sa'a kawai ya sani. Na raba 360 gida 24, na samu 15, na saita shi a kai. Na rubuta lissafin a rajistar foraj, na sa hannu. Ko minti biyu bai ɗauke ni ba.

Baba Chaibou mai gadi yana tsaye da gwangwanin tumatir ɗinsa. Shekara goma sha ɗaya da shi yake auna maganin, ya juye a shato kowace safiya. Na ce ya huta, zamani ya zo, na karɓi gwangwanin na cilla bayan tono, babbar gangar nan. Na ji daɗin yin haka, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Ko'ina yabo. Matan da ke layin ɗibar ruwa da bido sun ce tunda ni Hafiza na dawo daga karatu a Yamai ruwa ya daina warin magani, har shayi ya dawo da ɗanɗanonsa. Maƙwabciyata Souwaiba ta aiko ɗiyarta Altine da dabinon Bilma. Tsakanin ƙofarsu da tamu ja'irar ta cinye rabi, ta kuma rantse haka aka ba ta.

Litinin, 5 ga Agusta

Baba Chaibou ya ce garin da ke ƙarewa cikin kwana goma a hannunsa, yau kwana ashirin da takwas bai ƙare ba. Na ce ai amfanin karatu ke nan, inji ba ya ɓarna. Ya ce shi dai hancinsa ba ya jin komai a ruwan. Tsoho da taurin kai! Da ƙwayoyin gwajin ruwa ba su ƙare ba, da na gwada a gabansa ya yi shiru. Tun Yuni ake cewa suna hanya.

Talata, 13 ga Agusta

Koramar Telwa ta cika ta tumbatsa. Ruwa ya shiga unguwa, masai da yawa sun rufta, kuma ta wajen bututunmu ƙazantar ta bi.

Juma'a, 16 ga Agusta

Zawo da amai. Yara tara a asibiti, har da Altine.

Lahadi, 18 ga Agusta

Altine ta rasu da hantsi. Shekararta biyar.

Wurin gaisuwa Souwaiba ta riƙe hannuna. Ta ce ba ta taɓa ba ta ruwan rijiya ba, na pampo kawai, don ta san ni ke kula da shi. Ba zargina take yi ba, ita dai tana neman ta gane ne.

Laraba, 21 ga Agusta

Komitin ruwa ya zauna. Da suka ga ragowar gari, shugaba Amadou ya ce tsohon ne ba ya zuba wa injin magani. Aka tambaye ni ko injin lafiya yake, na ce lafiya lau. Aka sallami Baba Chaibou. Bai yi musu ba, ya miƙa makullai, ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta.

Alhamis, 22 ga Agusta

Tunda babu mai gadi, ni na wuni a foraj. Pampo bai tashi ba sai da rana ta hau kan pano, allon da ke ba shi wuta, wajen ƙarfe takwas. Ƙarfe huɗu ya tsaya, injin ɗiga ma ya tsaya tare da shi.

Sa'a takwas. A takarda yini sa'a 24 ne, a forajinmu takwas ne, iyakar abin da rana ta bayar. Giram 15 sau takwas, 120. Kashi ɗaya cikin uku na abin da ruwan ke buƙata, sama da kwana arba'in. A kan 45 ya kamata in sa shi. Kuma na san da hasken rana pampon ke aiki, kullum a inuwar panon nake ajiye moto.

 Na murɗa injin zuwa 45. Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 24 ga Agusta

Mata sun fara ƙorafin wari. Na ga Baba Chaibou a layi da bidonsa kamar kowa, babu mai yi masa magana. An ce jiya a masallaci Nasser, uban Altine, ya ƙi ba shi hannu.

Da layi ya zo kansa ya tari ruwa a tafi, ya kai hanci, ya daɗe.

"Yau ya yi wari, ɗiyata. Alhamdu lillahi."

Na ce, "Baba..." sai ya katse ni.

"Bar injin haka nan. Ko sun yi ƙorafi kar ki rage."

Ya sani. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Talata, 27 ga Agusta

Tun Lahadi ba a kai kowa asibiti ba. Ina ta gaya wa kaina an gyara, kuma magana ba za ta dawo da Altine ba. In na yi magana aiki ya tafi. Wannan ma da sauƙi. Katanga ɗaya ce tsakanina da Souwaiba, ɗazu ma ta miƙo mini tuwo ta samanta, wai na rame.

Gobe bayan la'asar komiti zai zaɓi sabon mai gadi. Ban ce zan yi magana ba. Na dai sa rajistar a jaka, na ninke kunnen shafin 8 ga Yuli. Gwangwanin ma na ciro shi daga bayan tono, na wanke.