Kududdufin Kyaftin Ishaya

Zuru, 18 ga Fabrairu, 2024

Ɗiyata Peculiar,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ina fatan kuna lafiya, ke da mijinki da jikata Goodness. Yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo da wuri.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. In na kira ki a waya babanki yakan yi kamar yana barci, amma kunnensa bai yi ritaya tare da shi ba.

An gama kududdufin nan nasa. Shi wurin iyo yake ce masa, har gyara mini yake yi. An haƙa shi inda nake shuka kuɓewa, an manna masa tayil shuɗi, har da tsani na ƙarfe. Ya yi kyau, wannan kam ba zan hana shi ba.

Damuwata ruwa. Akwai injin da ya kamata ya riƙa tace shi, to wuta ba ta zama, kwana goma ya yi kore shar. Shi kuma babanki ba ya iya kallon ƙazanta. Sai ya buɗe bututu ya sake shi kan titi, ya jona injin ja a rijiyar gida ya sake cikawa. Kin san rijiyar nan. Tun da kakanki ya gina ta ba a taɓa rufe ƙofarmu ba, unguwa duka nan take sha. Jiya sai da na ƙulla wa igiyar guga gyalena kafin ta taɓo ruwa, ga shi ko Maris ba mu shiga ba. Tsoro nake ji ta ƙafe.

Ki yi masa magana, ke yana jin taki. Kada ki ce ni na gaya miki.

Mamarki,
Gladys

*

Kaduna, 25 ga Fabrairu, 2024

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya gwiwar? Ina fatan kana shan maganin a kan lokaci.

Na ji an gama wurin iyon, na taya ka murna. Amma Baba, ka yi haƙuri in faɗi abin da na sani. Masu irin wannan a nan Kaduna, kowanne yana da burtsatse, da wutar da ba ta yankewa, da mai zuwa ya zuba magani duk mako. Da haka ma rabinsu sun gaji sun bar wa kwaɗi da sauro. Abu ne da gina shi ya fi riƙe shi sauƙi. Kai kuma rijiya ɗaya gare ka, ita ma ba taka kai kaɗai ba ce.

Me ya sa ka nace sai ka yi shi? Ba gardama nake yi ba, so nake in gane.

Ɗiyarka mai biyayya,
Peculiar

*

Zuru, 6 ga Maris, 2024

Peculiar,

Takardarki ta iso. Gwiwa da sauƙi. Na san wadda ta kai miki rahoto, tare muke kwana.

Kin yi tambaya, ga amsa. Mu mutanen tudu ne. Ba dutsen da ba za mu hau ba, amma ruwa ba namu ba ne. Ina kurtu aka sa mu ƙetare wani kogi, kwalekwale ya kife. Ni an jawo ni kamar buhun dawa. Abokina Ebenezer, mutumin Manga, ba a kai gare shi ba. Ruwan bai fi tsawonsa da kamu biyu ba. Ni na kai wa uwarsa akwatinsa. Shekara arba'in ke nan, ban taɓa ba ku wannan labari ba.

Na yi alkawari ba jikana da zai tsaya gaban ruwa yana rawar jiki. Don Goodness na gina, da masu zuwa bayanta.

Batun rijiya, ina lura da ita. Ubana ya gina ta, na fi kowa saninta. Ba ta taɓa ƙafewa ba.

Ubanki,
Kyaftin Ishaya (mai ritaya)

*

Zuru, 14 ga Afrilu, 2024

Ɗiyata,

Kafin gaisuwa ma, ki kwantar da hankalinki, ruwa ya dawo. Yau a majami'a sai da na tashi na yi rawa gaban zumuntar mata, da wannan ƙugun nawa. Yanzu sai in gaishe ki, in ba ki labarin abin da muka ɓoye miki mako biyu.

Ranar Litinin bayan Ista babanki ya sake cika kududdufinsa, karo na biyar. Injin yana cikin ja sai ya fara tari, ya tofo laka. Na jefa guga, ya dawo da taɓo rabinsa. Ga ruwan da babanki ya zubar yana gudu kan titi, ga mata sun taho da jarkoki suna tsallake shi. Suka juya da jarkokinsu wayam. Da zaginmu suka yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu gidanmu tsit, ba ƙarar bokiti, ba gardamar layi. Mata suka koma rafi, tafiyar awa guda a wannan rana. A na biyar sai ga Inna Hafsat, tsohuwar nan ta bayan gidanmu da ta goye ki kina jaririya. Kin san ta, shigowa take yi tana faɗa da awakina. Ranar ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama sau biyu, ta ce, “Kyaftin, an ba ni izini in shigo? Ɗiyan ɗana na son ruwan wanki. Ko na cikin randarka ta Turawa ka sam mini.”

Peculiar, shekara talatin da shida nake tare da mutumin nan, ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗi haka ba. Ya ɗauki jarkarta ya cika da hannunsa, ya ce kada a sha, akwai magani a ciki. Ta durƙusa ta yi masa godiya kamar baƙuwa. Abincin ranar bai ci ba.

Washegari ya hau babur ya nemo Yusha'u, tsohon nan mutumin Wasagu mai yasar rijiya. Yusha'u ya leƙa, ya daɗe, ya ce, “Wa yas sa mata inji? Rijiya ba ta son gaggawa. Ka ja ta da ƙarhi, yashi ya toshe mata ido.” Babanki ya tambaya ko za ta tashi. Yusha'u ya ce shi bai yi alkawari ba, wata in idonta ya rufe sai dai a binne ta.

Kwana uku yana ciki. Babanki ya hana kowa riƙe igiya sai shi, da gwiwar tasa, yana jan bokitin laka har tafin hannunsa ya sale. Ni kuwa addu'a ba irin wadda ban yi ba. Ranar farko yashi, ta biyu yashi. A ta uku da hantsi muka ji muryar Yusha'u daga ƙasa, a hankali kamar mai tambayar farashin goro, yana cewa, “Ku jawo ni, ƙahwahuna sun jiƙe.”

Babanki ya jawo shi, ya zauna dirshan a ƙasa ya rufe fuska da hula. Na bar shi. Ni ma kukan nake yi, na daɗi.

Yanzu ruwa ya kai gaba biyu, garai-garai. Abin da ya rage, matan ba su saki jiki ba tukuna. Suna zuwa, amma kowacce sai ta tsaya a ƙofa ta nemi izini, shi kuma abin yana cinsa.

Ki gai da mijinki, ki shafa mini kan Goodness.

Mamarki,
Gladys

*

Zuru, 28 ga Afrilu, 2024

Ɗiyata Peculiar,

Ina gaishe ki. Kin yi gaskiya, ni na yi kuskure. Ki adana wannan takarda, ba lalle ki sake samun irinta daga hannuna ba.

Ga hukuncin da na yanke. Na cire injin daga rijiya, ba zai koma ba. Wurin iyo zai jira damina. Abin da sama ta zuba masa shi ne rabonsa, ki kawo Goodness a watan Agusta. Sauran shekara ya zauna a bushe. Mamarki ta riga ta shanya barkono a ciki, ta ce awaki ba sa iya sauka. In wani ya tambaye ki ko abin ya cancanci wahalarsa, ki ce ya fara leƙa rijiyarsa, ya ƙirga bakin da ke sha a ciki.

Yau da safe ina tsaye bakin rijiya ina duba ruwa, sai na ji an ture ni da bokiti ta baya. Inna Hafsat ce. Ban ji sallamarta ba, don ba ta yi ba. Ta ce, “Gusa, Ishaya, ka tare mamu hanya. Kai ba ka da aikin yi?”

Na gusa. Ta ɗebi ruwanta ta fita, ko kallona ba ta yi ba. Tun da na bar aikin soja ba a ba ni odar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Allah ya tsare ku.

Babanki,
Ishaya