Dashen Albasa da Zancen Zariya

Zuwa ga Azumi, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan randar da nake sha tun gemuna yana baƙi har yau bai gundure ni ba, farar balbelar fadamar Kambaza, sanyin idona! Sallama gare ki daga Gwandu, daga gidan da kika bari ya koma kamar kasuwar da ta watse.

Kin san ban shiga boko ba, ajamin nan ma da ƙyar yake tsayawa kan layi. Ki yi haƙuri da shi yadda kika yi haƙuri da mai shi duk shekarun nan, kafin ki gaji ki ɗaure kayanki ki tafi Kalgo gidan ƙanenki Umar Faruk, wanda har yau bai maido mini da garmar da ya ara ba. Yaji, Azumi? Da furfurarki? Ke da ba ki taɓa yi ba ko muna da ƙuruciya, sai yanzu da gwiwata ba ta son hawa mota? Kuma duk a kan wa? A kan jikanmu Muzzammil, wanda tun ranar da aka kawo miki shi yaye kike kiransa maigidanki, ni kuma kike ce mini tsohon da aka yi wa ritaya. Ashe ba wasa kike yi ba! Kin kama hannun ƙaramin miji kun tafi, kun bar babban da tuwon maƙwabta.

Me na faɗa da ya yi zafi haka? Yaro ya ci jarrabawa, yana son karatun ƙera injuna, an ce makinsa ya isa ko'ina, ya zaɓi jami'a ɗaya cikin biyu kafin watan nan ya mutu. Na ce Aliero. Ga ta nan kusa, mutum ya karya kumallo a gida ya isa kafin hantsi ya ɗaga. Shi ya ce Zariya, ke kika goya masa baya. Na buga sanda a ƙasa na ce muddin ina numfashi ba za a sake ba. Kin san abin da nake nufi da sake ɗin. Ɗanmu na fari, uban yaron nan, can muka tura shi da hannunmu. Ya yi karatu, ya yi alheri, ban musa ba. Amma daga Zariya sai Fatakwal, yanzu sai da Babbar Salla muke ganin ƙeyarsa, ya zauna a zaure yana duba agogo kamar baƙon da motarsa ke jira. Wa ya ga kukan da kika yi a madafa shekarar da bai zo ba, kina cewa hayaƙi ne? Ni na gani. Ban manta ba, kuma ban yafe wa nisa ba.

Ya ke zumar farkon kaka, ya ke ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari! Kin tuna ranin aurenmu, lokacin ba wanda ya san injin ban-ruwa a Kambaza? Ni ina jan jigo, ke kin kawo mini fura kin ƙi komawa, kika tattare zanenki kina buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali. Kika zame kika zauna daram cikin laka, kika kalle ni kika ce in na yi dariya sai na sha furar nan da laka a ciki. Na yi dariyar, na kuma sha. Wallahi har yau ban sha fura mai daɗinta ba.

Ga abin da ya faru bayan tafiyarku. Maigidan naki ya bar mini injin ban-ruwa a kwance a zaure, ya warware shi gunduwa-gunduwa kan tabarma, wai zai gyara. Na zauna na mayar da shi yadda hankalina ya ba ni, ƙarfe biyu suka yi saura, injin kuwa ko tari ya ƙi yi. Sai na koma guga, ina ba irin albasa ruwa da hannu kamar zamaninmu. Ina cikin haka na lura da wani gefe da na yi jinkirin cirewa. Wanda na dasa tuni ya kama, ya fara kai. Wannan da na bari a inda aka yaɗa shi saboda yana kusa da rijiya, ya cunkushe, sai lawashi siriri kamar tsintsiya. Na daɗe a tsaye, guga a hannuna. Shekara nawa ina yi wa samari faɗa kan su cire iri da wuri?

Kada ki yi murna tukuna. Ban ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba. Mai dashe ba ya kai irinsa ƙasar da bai taɓa damƙa da hannunsa ba. Shi ya sa ranar kasuwa na shiga motar 'yan albasa na tafi Aliero, na tsaya a ƙofar jami'ar na ce ina son ganin inda ake koyar da injuna, kamar yadda ake zuwa ganin maƙeri kafin a ba shi yaro. Masu gadi suka yi ta kallona, amma wani malami mai kirki ya zagaya da ni. Na ga injuna, Azumi, wani ya fi rumbunmu girma! Na ga yara da baƙin mai har gwiwar hannu, raina ya yi fari. Na fito ina cewa na yi nasara a kanku. A hanyar dawowa kuma sai na tuna: ƙasa ɗaya na damƙa. Lokacin uban yaron ma tasha kawai na raka shi, ban taɓa sa ƙafa a Zariya ba. Ta yaya zan yanke hukunci tsakanin gona biyu alhali ɗaya kawai na taka?

To ga alkawarina, ya ke tauraruwar da nake gane gabas da ita. Ni da ban taɓa wuce Gusau ba, zan je Zariya da wannan gwiwar. Amma ba ni kaɗai ba, domin ke ce kike gane fuskar mutane, ni ƙarfe da ƙasa kawai na sani. Mu je mu uku, mu ga injunansu, mu ga inda zai kwana da ruwan da zai sha. In mun dawo, yaro ya faɗi wadda zuciyarsa ta kwanta da ita, sandata kuma ba za ta sake taɓa ƙasa ba. In ya ce Zariya, zan yi gunaguni, wannan kam haƙƙina ne, amma ni zan ɗaura masa jaka. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da hayaƙi zai sake shiga idonki, ki bari ya same ki a gabana, ba a madafa ke kaɗai ba.

An ce in tura dattawa biko, na ce ba na tura kowa ɗauko abin da yake nawa. Ranar Juma'a bayan an sauko zan iso Kalgo da ƙafata. Ki ce wa ƙaramin mijinki ya shirya, ƙarafansa biyu suna aljihuna. Ki ce wa Umar Faruk ya fito da garmata. Ke kuma, hasken gidana, ko ba ki ɗaure kaya ba ki dama fura, zan zauna a ƙofar gidan har ki gaji da ganina.

Naki tun zamanin jigo, naki har ranar da za a dasa ni inda ba a cirewa,

Siddiƙu