Sunan da ba na faɗa

Litinin, 10 ga Fabrairu 2025
Babbar kwamfutar makarantata ta tashi fayau, ba komai a ciki. Ga ɗaliban garin Kwargaba sun biya, Asabar za su zo gwajin jarrabawa, wanda ya rasa shi kuwa sai baɗi. Wancan, ɗana na fari, shi ya haɗa tsarin kafin ya tafi bautar ƙasa: wata kwamfuta ce a cikin kwamfuta, da jerin umarnin da ke sake gina ta. Ya ce in ta lalace in saki jerin kawai. Na saki.

Talata, 11
Ta ginu, amma tambayoyin sun ƙi buɗuwa. Wai ba ni da izini. A makarantata!

Laraba, 12
Na sa ƙanwata Adawiyya ta kira wancan ɗin, ni ina gefe ina gyaran waya kamar ba ruwana. Na ji yana cewa, “Da sunan wa Inna ta shiga?” Da nawa mana. Ashe sai an saki jerin ta akawun ɗinsa, don can izinin yake. Wato sai na rubuta sunansa.
Na sani tun Litinin, gaskiya. Ya nuna mini kafin ya tafi, na kau da kai. Tun da aka raɗa masa sunan nan bakina bai taɓa shi ba, haka uwata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah.
Na ce Adawiyya ta rubuta. Ta ce, “Yaya, mi na ne abin kunya ga inji?” Ta ɗauki jakarta ta tafi biki Goronyo. Ja'ira, da gangan ta yi.

Juma'a, 14
Na rufe ƙofa, na zauna. Harafi ɗaya-ɗaya, da yatsa guda kamar sabuwar ɗaliba. Jerin ya gudu har ƙarshe, tambayoyi suka buɗe. Alhamdulillahi. Sai da na zauna a ƙasa don daɗi.

Asabar, 15
Yara sun yi gwajinsu lafiya. Wancan ya kira da yamma, na ɗauka da kaina. Ya ce, “Inna, wa ya rubuta miki?” Na ce ya ci abinci dai?
Jiya da nake dannawa leɓena sun motsa. Ba wanda ya ji.
Isma'ila. Ashe ba shi da nauyi.