Ƙarfen Ƙafata da Darbejiya

Laraba, bayan sallar isha'i.

Wurin da aka sa min ƙarfe a ƙafa ya fara ruwa. Likita ya ga dakakken ganyen darbejiya da na shafa a bakin ɗinkin, ya hau faɗa: "Alhaji, so kake a yanke ƙafar?"

Na ce, "Ɗana, da ganyen nan kakata ta rene mu."

Sai ya sauko. Wai masana na gwada shafe ƙarfen da ruwan ganye kafin a dasa, don kashe ƙwayoyin cuta, amma tatacce, ba na turmi ba.

Ashe ban yi jahilci ba! Gobe su wanke ciwon, na yarda. Amma ƙafar da ta tako daga garin Betso da kaya a ka, ba mai yanke ta.